Rigar da Baba Kafinta Ya Ara

A gidan da nake haya a Zangon Kumasi, babbar riga ba ta mutum ɗaya ba ce. In kana da suna ko ɗaurin aure, sai ka leƙa ɗakin maƙwabci ka zare tasa daga ƙusa, ka faɗa wa matarsa, ka wuce. Haka muka tarar, kuma ni na fi kowa cin moriyar abin, don hulunan gidan nan babu wadda ba ta hau kaina ba.

Sana'ata fataucin shanu ne daga arewa. Wata shekara 'yan fashi suka tare motarmu a hanya, suka kwantar da mu a kwalta kamar buhunan masara. Ban ji ciwo ba, amma haushi ya hana ni cin tuwo kwana biyu. Ina dawowa na sayi ƙaramar bindiga ƙirar maƙera, ba takarda ba izini. Na san doka sarai, na san ɗauri ne in an kama ni. Zuciya ce ta ɗebe ni. A aljihun gaba na shuɗiyar rigata take zama, matata ma ba ta sani ba.

Ɗakin da ke kallon nawa na wani dattijo ne, kafinta a kasuwar katako ta Anloga. Baba muke ce masa. Mutum ne da ko kaza ba ya iya yankawa, sai ya kira ni.

Wata Asabar da safe na fito daga wanka, na ga ƙusa ba riga. Matata na dama koko, ta ce Baba ya ara tun ɗazu, ya tafi sunan jikarsa a Atonsu, har ta taya shi gyara wuyan. A hanyar nan 'yan sanda kan tsayar da motoci su caje mutane, kuma bindigar da harsashi a cikinta. Na kira wayarsa, sai ga ta tana ƙara a ɗakinsa, kamar kullum.

Na tari tasi, ina ta yi wa direban faɗa kan ya yi sauri, bawan Allah bai san laifinsa ba. Da muka zo shingen, na dudduba bencin da suke zaunar da waɗanda aka kama. Babu shuɗiyar riga.

Na sami Baba a gidan sunan, a ƙarƙashin rumfa, tsakiyar malamai, ana raba goro. An fito masa da jaririyar don ya yi mata addu'a, ya rungume ta a kafaɗar dama, hannunsa na hagu dafe da aljihun. Tunda nake ban taɓa jin tsoro irin na lokacin ba, ko ranar 'yan fashin. Na tsaya har ya shafa addu'ar, ya miƙa jaririyar, sannan ya yafito ni muka zaga bayan gida.

Ya cire rigar a hankali ya naɗe ta, ya ba ni. Ya ce tun a tirotiro, motar hayar da ya shiga, ya ji nauyi, ya laluba ya gane ko mene ne, amma ba inda zai jefar a cikin mutane. A shinge ɗan sanda ya leƙo, ya ga furfura da tsagar aska takwas a fuskarsa, ya gaishe shi da girmamawa ya ce su wuce.

Washegari na kai maganar wurin dattawan unguwa, suka raka ni na miƙa bindigar ga hukuma. Na sha tambayoyi da zirga-zirga, na sha kunya, amma na kwana a gidana. Yanzu ayari muke yi mu taso da rana, kuma ina cin tuwona da daɗi. Ni da Baba muna nan, kullum da yamma muna shan shayi a benci ɗaya.

A kan bencin ne, bayan wata biyu, na tambaye shi me zai ce da sun caje shi.

Ya kurɓi shayinsa. "Me kuwa zan ce, Alhaji? Rigar a jikina take. 'Ya'yanka ƙanana ne, nawa sun girma. Da na ce tawa ce."