'Yan Ɗakin Inji

Shekara biyu na yi ina tura wani tsoho a keken guragu a unguwar Safa. Ba ɗan ƙasa ba ne. Sojan ruwa ya yi a ƙasarsu tun ba a haifi uwata ba, tsufa ya kawo shi gidan ɗansa a Jidda. Kullum daga unguwar Nuzla nake zuwa, in dafa, in ba shi magani, in koma.

Labari ɗaya gare shi. Lokacin yaƙi jirginsu mai tafiya a ƙarƙashin ruwa ya fita atisaye, shi aka bar shi a tudu saboda ciwon haƙori. Jirgin ya nutsa kamar yadda ya saba, bai sake tasowa ba. Ko hular mutum ɗaya ba a tsinta ba.

Tunda babu kabarin da zai ziyarta, duk Juma'a bayan la'asar sai in kai shi bakin teku ta wajen Ruwais. Yakan kira sunayensu ɗaya bayan ɗaya, kowa da addu'arsa. Ba a takarda suke ba. Bin jirgin yake yi a kansa, daga goshi zuwa wutsiya, kowane mutum a wurin aikinsa. In aka katse shi, sai ya faro daga farko.

Na san da haka. Amma wata rana zafi ya ishe ni, direban da ya kawo mu yana ta danna hon, shi kuma ya tsaya yana lalubo wani suna.

"Baba, yalla, mu tafi. Halas, ya isa haka, Allah ya san su."

"Saura 'yan ɗakin inji, 'yata."

"Shekara nawa suna ƙasan ruwa? Ba inda za su kafin wata Juma'ar."

Ya dube ni, har ya ɗan yi dariya. "Bakinki irin na kukun jirginmu," in ji shi. Na juya keken.

Da Juma'a ta zagayo ya faro lafiya lau, ya zo ƙofar ɗakin inji, ya kasa shiga. Ya koma farko. Sau huɗu muna haka har aka kira magariba. Likita ya ce tsufa ne, da ma zai zo. Wataƙila.

Sai a lokacin na sayi littafi da biro, na rubuta sunayen da yake iya kawowa. Bayan rasuwarsa na miƙa wa ɗansa. Ya karanta, ya ga rabin shafin fari, ya tambaye ni ko iyakarsu ke nan.

Na ce a'a, akwai saura.

Ya ce, "Ke da kika yi shekara biyu kina jinsu, faɗa mini in cike."

Na ce ban taɓa sauraro har can ba.