Gemun Fir'auna a Gidanmu

Shekarun baya, muna zaune a unguwar Highbridge can ƙasar Turawa, 'yata ta dawo daga makaranta tana tsalle. Yarinyar da ko gaisuwa sai an yi da gaske take yi saboda in'ina, wai ita aka zaɓa ta fito a Fir'auna ranar wasan tarihi.

Mahaifiyata, mai sayar da turaren wuta a unguwar Harlem, ta ajiye carbinta. "Fir'auna? Wanda ya ja da Annabi Musa? A'uzubillahi! Ba dai jikata ba."

Yarinya ta shige ɗaki. Na san in aka hana ta, bakin da ya fara buɗewa zai sake rufewa. Na yi ta zuba bayani kamar wata malama: Fir'auna sarauta ce, kuma wannan mace ce, ba wancan ba. Inna ta ce, "Ke dai boko ya cuce ki."

Da lallashi na ja Inna gidan tarihi, tare da 'yata. Ga gumakan Fir'aunar macen nan a jere, wasu da gemun ƙarya na sarauta, jikinsu duk ɗori. 'Yata ta fara bayani, in Hausa ta ƙwace mata sai ta cike da Turanci. Ta ce matar ta daɗe tana mulki, bayan ta mutu aka goge sunanta, aka farfasa gumakanta. Har jiragen ruwa ta taɓa aikawa ƙasa mai nisa su kawo mata turare.

"Turare?" Inna ta matso. "Har jirage ta tura saro? Ashe 'yar kasuwa ce! Wallahi hassada suka yi mata."

Da muka dawo gida, Inna da hannunta ta kitsa wa 'yata gemun wasan da gashin doki.

Ranar wasan, kalmar farko ta maƙale wa 'yata. Sai na ji muryar Inna daga baya: "Ita da aka farfasa ma ta tashi, balle ke!" Yarinya ta gyara gemu, ta yi magana har ƙarshe. Inna ta rangaɗa guɗa, Turawa suka bi da tafi, ni kuwa kuka nake yi wiwi.

Tun daga nan na daina jayayya da tsoho a kan kalma, sai in nemi ƙofar da zai yarda ya shiga. Yanzu 'yata koyarwa take yi. In ta leƙa shago, Inna takan ɗaga murya, masu ciniki suna zare ido: "Ku ba Fir'aunata hanya!"