Harajin Saniyar Korbongou

A shekarun da ake yajin aiki ana ƙona tayoyi a titunan garinmu Sokodé na ƙasar Togo, ni abin da ya dame ni aure ne. Yarinyar da nake so 'yar Dapaong ce, mahaifinta mahauci, kuma bai ce e ba, bai ce a'a ba. Kawuna ya ɗauke ni mu je gaisuwa. Tun daga unguwarmu ta Komah yake ja mini kunne: "Ka cire takalmi, ka sunkuyar da kai, kada ka buɗe baki. Ni zan yi magana."

Da hantsi muka tarar da tsohon a zaure, rediyo a gefensa. Muhawarar 'yan takarar shugaban ƙasa ake yi, da Faransanci. Na durƙusa kamar mutumin kirki. Can sai ɗan takarar da nake mutuwar so ya shiga zancen haraji. Kai, mutumin ya iya baki! Ya ce sau ɗaya ake biya wa dabba haraji daga ƙauye zuwa mayanka, shi kuma ko wannan ɗin zai rage.

Tsohon ya tambayi kawuna me aka ce. Kawu ba ya jin Faransanci. Ni kuwa da 'yar bokona, sai kaina ya kumbura. Wallahi ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Na fassara, na ƙara gishiri, na rantse duk ƙasar nan babu wanda ya san haraji kamar wannan bawan Allah. Har da nuna dattijon da yatsa! Kawu yana ta mintsinina a ƙafa, ni ina zaton sauro ne.

Tsohon ya bari na gama tsaf. "Sau ɗaya, ko? Madalla. Ɗana, akwai saniyata a ƙauyen Korbongou. Gobe ka je ka taho da ita. In ka dawo sai mu yi maganar da ta kawo ku."

Ni ɗan tela ne, ko akuya ban taɓa ja ba. Washegari a kasuwar Korbongou aka yanka mini tikitin haraji. A bakin gari aka yanka wani. Mai duba lafiyar dabbobi ya ba ni nasa, samarin da suka tare hanya da kututture suka karɓi na shan ruwa, a ƙofar mayanka aka sake. Ana cikin haka saniyar ta ja ni cikin gonar gero, ta kayar da ni a taɓo, babbar rigar da na aro don gaisuwa ta yage har kafaɗa. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Na riga na sallama yarinyar.

Bayan la'asar na shiga zauren. Ba sai na cire takalmi ba, taɓo ya riga ya cire mini. Na ajiye tikitocin a gabansa na durƙusa.

"Malam masanin haraji, sau nawa?"

Na sunkuyar da kai, kamar yadda Kawu ya ja mini kunne tun farko.

Tsohon ya dube ni, sannan ya juya wajen kawuna. "To, yanzu ya yi gaisuwa. Ku kawo goro."