Kanya Uku a Tsakiyar Ruwa

Sati shida kacal na yi a ƙasar Ireland, amma na dawo da surutun da zai ishi mutum shekara goma. Ofishinmu na malaman gona ne ya tura ni kwas a kan kiwon shanun madara. Abin da na koyo game da shanu ban cika ba da labarinsa ba, don yawancinsa ba zai yi aiki a wajenmu ba, inda gonar wannan ke manne da ta wancan, ko turken akuya za ka kafa sai ka shawarci maƙwabci. Abin da ya tsaya mini a rai wata Asabar ce da aka ɗebe mu a mota aka kai mu wani ƙauye a bakin tafki.

Ƙauyen bai fi namu girma ba, amma mutanensa sun san yadda ake karɓar baƙo. Muna sauka aka miƙo wa kowa 'yar takarda mai hotuna, an jera abubuwan da za a yi: hawa kwale-kwale, iyo, kamun kifi da ƙugiya, kallon tsofaffin gine-gine. Aka sa mana rigar hana nutsewa, aka tuƙa mu zuwa wani tsibiri mai rusasshen coci, kaburbura kewaye da shi. Na ga mutane suna yawo a tsakanin kaburburan suna ɗaukar hoto, wasu ma sun shimfiɗa zane a kan ciyawa suna cin abinci. Da farko tsigar jikina ta tashi. Kafin mu koma gaɓa na riga na gaya wa kaina cewa wannan ita ce wayewa, mu ne muka cika tsoro.

Mu ma muna da ruwa. Ƙauyenmu yana bakin dam, ba nisa da Kunci. Kafin a haife ni aka datse kogin, ruwa ya cinye tsohon garin, aka tashi mutane suka dawo kan tudu inda muke yanzu. Idan bazara ta yi ruwa ya ja baya, sai rijiyoyin tsohuwar marina su fito fili, bakinsu na nan da shafen laso kamar jiya aka yi. Masunta suna kwanciya a kan babban gora a cikin ruwa suna su. Duk wannan na tashi ina gani ban taɓa ɗaukarsa abin kallo ba, sai da na je na ga wasu suna nuna nasu.

Na dami 'yan ofis da "a can Ireland" har suka fara rigana faɗa idan na buɗe baki. Wata rana shugabanmu, wanda muke kira Oga, ya ce tunda bakina ya ƙi mutuwa, in shirya musu su zo su ga wannan tafki nawa. Ni kuma a lokacin ina neman ya san da ni, don ana maganar ƙarin girma. Na ce an gama.

Na je wajen Kawu, yayan mahaifiyata, wanda ya fi kowa babban kwale-kwale a garin. Shi ya koya mini iyo, shi ya koya mini riƙe filafilin tuƙi tun hannuna bai gama zagaye shi ba. Na same shi a gindin darbejiya yana gyaran komarsa ta kamun kifi. Ya saurare ni har na gama, da labarin rigar hana nutsewa da komai, sannan ya yi dariya ya ce ashe Turawa ma ba su da aikin yi.

"Zan kai baƙinka ko'ina," in ji shi. "Marina, bakin dutse, wajen masu gora. Amma ban da wajen kanya. Ka sani."

"Haba Kawu, ni za ka gaya wa? Ko kusa ba za mu je ba."

"Na dai faɗa. Idan sun tambaya, kai za ka gaya musu, don baƙinka ne."

Na ce na ɗauki alkawari.

Wajen kanya wasu busassun itatuwa ne guda uku da ke tsaye a tsakiyar ruwa. A ƙarƙashinsu tsohuwar maƙabartar garin take. Da aka tashi mutane, gidaje aka bari da matattu. Iyayen Kawu suna can, wato kakannina, da 'ya'yansa biyu na fari. Ba a jefa koma a wurin, ba a ɗaure jirgi a jikin itatuwan, ba a bi ta kai. Wanda hanya ta kai shi kusa sai ya zagaya, ya ɗaga filafili daga ruwa, ya yi musu sallama da addu'a, ya wuce. Babu wanda ya rubuta wannan doka, kuma ban taɓa jin wanda ya karya ta ba.

Sai na shiga Kunci shagon mai kwamfuta in buga tawa takardar irin ta Ireland. Na rubuta yawo a kwale-kwale, kallon masu gora, tsohuwar marina. Na duba na ga uku sun yi kaɗan, takardar duk fili. Ta Turawa har bayanta cike take. Na ƙara iyo. Har yanzu da sauran wuri, sai na ƙara "tsohuwar kasuwa". Na san an yi kasuwa a tsohon garin, amma wallahi ban san ta wane gefe take ba, ban kuma tambayi kowa ba. Layi kawai nake so ya cika.

Ranar Lahadi da hantsi suka iso su huɗu. Oga daga unguwar Bacirawa, da wani Alhaji abokinsa mai shagon hatsi a Dawanau, da abokan aikina biyu. Sun taho da gurasa da balangu da lemon roba cikin kula. Na raba musu takarda ina wani ɗaga kai. Kawu ya sa rigarsa ta Juma'a don ya fita kunyata, ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ya riƙe jirgin har kowa ya zauna.

Da farko komai ya tafi daidai. Alhaji ya rirriƙe gefen jirgi yana salati duk lokacin da muka ɗan karkata, muna ta yi masa dariya. A marina suka sauka suka leƙa rijiyoyin, Kawu ya nuna musu wadda mahaifinsa ya yi rini a cikinta, ya gaya musu yadda ake jiƙa ganyen baba na rini da toka. Oga ya ce bai taɓa sanin akwai irin wannan wuri a jihar nan ba. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Kai, ashe kana da kai." Na ji kamar an ba ni fukafukai.

Da muka koma ruwa rana ta fara zafi. Oga ya ɗauko takardar yana bi da yatsa.

"To, saura tsohuwar kasuwa. Ina take?"

Na shiga dube-dube kamar mai neman wani abu a sararin ruwa. Shi ma ya duba, ya hango itatuwan uku, balbelu sun yi musu fari fat.

"Ko can ce? Ai da ma kasuwar ƙauye a gindin itace take ci."

Magana ɗaya ce ta rage mini. Da na ce, "Ranka ya daɗe, can maƙabarta ce," da shi ke nan. Musulmi ne su duka, da sun ɗaga hannu sun yi addu'a mun juya. Amma sai a tambaye ni ina kasuwar, in ce ban sani ba, a gane cewa cika takarda na yi. Hannun nan da ya dafa kafaɗata ban so ya sauka ba.

Na ce, "Eh, ranka ya daɗe. Can ce."

"Madalla. Baba, kai mu can mu ɗaure jirgi mu ci abinci," in ji Oga yana duban Kawu.

Kawu yana bayana, don shi ke tuƙi daga ƙarshen jirgi. Na ji filafili ya tsaya. Ban waiwaya ba. Na san jira yake in gyara maganata, kuma ya ba ni lokaci, lokaci mai tsawo, har jirgin ya fara juyawa da kansa. Ni kuwa na sunkuyar da kai ina buɗe kula ina rufewa. Idan ya ce ba kasuwa ba ce, ya ƙaryata ɗan ƙanwarsa a gaban shugabansa. Na san ba zai yi ba. Abin da ya fi ci mini rai har yau ke nan: na san ba zai yi ba, shi ya sa na yi shiru.

Filafili ya koma ruwa.

Da muka matso sai na ji ya ɗaga shi, na ji yana motsa baki ƙasa-ƙasa. Oga ya ɗauka gajiya ce, ya ce, "Sannu Baba, an kusa." Balbelu suka tashi gaba ɗaya. Ɗaya daga cikin abokan aikina ya karɓi igiya ya ɗaura a jikin kanyar tsakiya. Aka baje gurasa da nama. Aka kunna waƙa a waya. Alhaji ya ce shi ɗan kasuwa ne, yana jin albarkar wurin a jikinsa, ya tambaye ni ta ina 'yan hatsi suke zama. Na nuna masa wani gefe da hannuna. Ni da kaina na nuna.

Suna ci suna jefa ƙashi a ruwa. Robar lemo idan ta ƙare sai a wurga, leda ma haka. Aka miƙa wa Kawu nama ya ce ya ƙoshi. Abokin aikina ɗaya ya tuɓe riga ya faɗa ruwa, tunda iyo yana cikin takarda, ya yi nutso ya fito yana cewa bari ya lalubo mana tsohon kuɗi. Ɗayan kuma ya matsa gefen jirgi, ya juya mana baya, ya yi fitsari.

A nan ne na waiwaya. Kawu bai dube ni ba. Yana zaune da filafili a kan cinyarsa, ya zuba wa ruwa ido, hannun rigarsa ta Juma'a ya jiƙe har gwiwar hannu. Na yi ta ƙoƙarin tuno mutanen nan na tsibirin Ireland da zanensu a kan ciyawa, ko zan ji sauƙi. Ban ji ba. Waɗancan sun san a ina suke zaune, waɗannan kuwa ni na ɓoye musu gaskiya.

Oga ya ce a yi hoto. Ya ce Baba ma ya matso ya shiga. Kawu ya matso, aka ɗauka.

Da la'asar suka tafi suna ta sa albarka. Oga ya ce zai kawo iyalinsa bayan salla, kuma lallai a sake kai su kasuwar nan. Na raka su har bakin titi, na daɗe a tsaye bayan motar ta ɓace, don ban san da wace fuska zan shiga gari ba. Na yi zaton kafin magariba labari ya kai kunnen Inna, mahaifiyata, wadda uwarta ke kwance a ƙarƙashin itacen da muka ɗaure jirgi. Na shiga gida na tarar tana tankaɗe. Ta tambaye ni ko baƙi sun ji daɗi, ta ce Kawu ya biyo ya ce mata komai ya tafi lafiya. Na ce eh. Ta ce Allah ya ƙara ɗaukaka. Na shige ɗaki na kasa cin tuwo.

Har yau Kawu bai gaya wa kowa ba. Da ya tara mutane ya zage ni, ko ya ɗauke ni da mari kamar yadda ya taɓa yi ina yaro da na shiga ruwa ba da saninsa ba, da na fi samun sauƙi. Na shirya maganganu iri-iri a raina, har da na kare kai. Na ce ai ruwa ya fi tsayin mutum uku a wurin, ai matattu ba robar lemo ce ta dame su ba, ai addu'a ko daga gida aka yi tana isa. Kowace na ɗauko sai in ji ta yi mini wari a baki.

Washegarin zuwan baƙin da sassafe na sauka bakin ruwa, don na san zai je. Na same shi yana tura jirgi, ya sa tsohon buhu a ciki da wata doguwar gora mai ƙugiya a kai. Ba koma, ba taru. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa da kyau, har ya tambaye ni gajiyar jiya.

"Kawu, na yi laifi. Ka yafe mini."

"Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Ya faɗe ta a sauƙaƙe kamar mai amsa gaisuwa. Na naɗe ƙafar wandona na kama gefen jirgin zan shiga.

"Bari in zo mu kwashe tare. Ni na jawo."

Ya sa filafili a hankali ya tare gabana. Bai ɗaga murya ba, fuskarsa ma ba ta canja ba.

"A'a, Malam, yi zamanka a gaɓa," in ji shi. "Wannan aikin 'yan gida ne."

Na saki jirgin. Ya tura ya hau, ya tafi bai waiwayo ba. Na tsaya cikin ruwa iya idon sawu ina kallonsa yana ƙanƙancewa, har ya kai inda ake ɗaga filafili, ya ɗaga. Bai shiga tsakanin itatuwan ba. Daga gefe ya tsaya, yana miƙa gorar yana jawo robobin ɗaya bayan ɗaya.