Zagin da Ya Shiga Tanda

Wauta ba baƙuwata ba ce, tare muka girma, amma wadda na tafka a satin sunan jikana har yau tana tsaye mini a maƙogwaro. Aji biyu na yi a lakkwal. Mushe, wato malaminmu, ya gaji da ni, ni ma na gaji da shi, muka rabu kowa na murna. Abin da na tsira da shi bai wuce harhaɗa baƙaƙe ba, da rubuta Hausa a waya da yatsa ɗaya. To da wannan guntun ilimin na je na taɓa ordinatar ɗiyata, kwamfutarta ta aiki.

Ina da aboki Bafillace, rugarsu tana can kan hanyar Ɗan Kassari. Mu Arawa da Fulani taubasai ne, zagi shi ne gaisuwarmu, kuma ni da shi mun ɗauki abin da gaske tun muna samari. In ya shigo kasuwar Dogon Dutsi, tun daga nesa zai ɗaga sanda.

"Ba'are! Yau ma da wake ka karya? Tun daga tasha nake jin labarin cikinka."

"Fillo, ɓarawon harawa! Wa ya sake ka cikin mutane?"

Harawar nan gaskiya ce. Wata shekara shanunsa suka cinye mini ita tas a gona, ya rantse aljanu ne.

Bara tansiyo, wato hawan jini, ta kayar da shi. Ɓarin jikinsa na hagu ya saki, baki ya ɗan karkace. Na hau kabu-kabu na tafi duba shi, ina ta shirya zagi a hanya, har na zaɓi wanda zan fara da shi. Da na shiga bukkar na gan shi kwance a tabarma, ya koma kamar sandar tasa, sai na ji bakina yana cewa, "Sannu malam. Ya jiki? Allah ya ƙara sauƙi." Malam! Ni! Ya dube ni, ya daɗe yana dubana, sannan ya juya fuska ga zana. Na sha hurar da aka kawo mini kamar baƙon da ya ɓata hanya, na taso. Tun daga ranar nake neman yadda zan zage shi, ya san ban cire shi daga cikin masu rai ba. Waya ba ta yiwuwa, ya daina karɓa don maganarsa ba ta fita sosai. Komawa kuma ina tsoron kar bakina ya sake ci mini amana.

Ana nan matar ɗana ta haihu. Ɗiyata babba, wadda nake ce wa Uwata don sunan tsohuwata gare ta, ta zo daga Yamai. Can take aiki wurin masu gina shafukan intanet. Ta ce goro zai zaga unguwa yadda aka saba, amma na nesa za ta yi musu gayyata ta zamani: a aika wa kowa saƙo a waya, in ya taɓa sai shafi ya buɗe da sunansa a sama.

Na ce, "Duk mutanen nan kowa sai kin rubuta masa nasa? Ai sai yaron ya yi gemu."

Ta yi dariya, ta nuna tandar masar uwarta da ke jingine a bakin madafa. "Baba, Inna tana gina sabuwar tanda ne ga kowane mai saye? Tanda ɗaya ce, da gurabenta. Ƙullu ne ke canzawa. Ni ma shafi ɗaya na rubuta, na bar gurbi inda suna zai zauna. In mutum ya taɓa, na'ura ta ɗauko sunansa ta zuba a gurbin, ta miƙa masa da zafinsa."

Na gyaɗa kai kamar wani dirakta. Abin da ya shiga kunnena kawai shi ne kowa da nasa.

Da la'asar tana zaune a zaure da ordinatar, na ce ta nuna mini na Fillo. Fuskar na'urar a rabe take biyu. Hagu rubutu ne mai launi-launi da wasu ƙugiyoyi, dama kuma katin ne fes, ga sunan abokina a sama, ƙarƙashinsa an ce iyalina suna farin cikin gayyatarsa. Farin ciki, wai. Sai uwarta ta ƙwala mata kira, an kawo buhun shinkafa ana gardama a kansa. Ta tashi ta bar ni da abin a buɗe.

Na fara taɓa dama, ya ƙi rubutuwa. Na koma hagu, na nemo inda aka rubuta farin cikin nan, na sa yatsa a ƙarƙashinsa, na bi baƙaƙe ɗaya bayan ɗaya ina gumi: Kai tsohon ɓarawon harawa, ka zo ka ci tuwon iyayen gidanka. Ina ɗaga kai sai ga shi ya fito a dama, daidai ƙarƙashin sunansa. Wallahi sai da na tafa. Na tura shafin sama yadda na ga tana yi don kar ta gani, na fita masallaci ina jin kaina kamar wanda ya ci jarrabawa. Ita kuwa da ta dawo, hankalinta na kan shinkafa, ta ɗora aikinta kan intanet ta aika wa jama'a.

Washegari ko karyawa ban yi ba waya ta fara. Liman ne na farko. Ya yi sallama cikakkiya, ya tambayi mai jego, sannan ya ce, "To, harawar wa na sata? Ina son in biya tun ina da rai." Bayansa yayar matata daga Doso, wadda ko a ranar salla ba ta yi mini dariya. Ita tambayarta ɗaya ce: wace ce tsohuwa? Sai surukina, uban mai jego, tsohon diraktan lakkwal, mutumin da ko atishawa zai yi sai ya gyara zaman gilashinsa. Bai ɗaga murya ba. Ya karanta mini layin daga farko har ƙarshe, a hankali, kamar yana ba yara dikte su rubuta, ya kashe wayar.

Uwata ta fito da ordinatar a hannu, idonta ja.

"Baba, kai ne?"

"Na Fillo kaɗai na taɓa."

"Babu na Fillo! A jikin tandar ka rubuta! Duk wanda aka zuba sunansa da zanenka zai fito!"

Na ce to ta goge mana, ai ba da wuƙa na sassaƙa ba. Ta goge a gabana, ta tura gyaran. A na'urarta katin ya dawo fes. Na ce alhamdu lillahi, na miƙa hannu ga kokona. Ta buɗe a wayarta. Ɓarawon harawa yana nan zaune daram. Ta buɗe a tawa, yana nan. Ta kira wata ƙawarta a Yamai, ita ma ta ce yana nan, har tana tambaya mene ne harawa.

Nan ne na koyi abin da ban roƙi kowa ya koya mini ba. Ashe babbar na'urar da ke miƙa wa mutane shafin, wadda suke ce wa sarbar, ba ta tsayawa karanta rubutun Uwata duk lokacin da wani ya taɓa. Karon farko take karantawa, ta juya shi zuwa nata yaren, ta ajiye. Daga nan da ajiyayyen take aiki, don ya fi mata sauri. Uwata ta ce kamar yumɓu ne da aka riga aka gasa: ko ka gyara ɗanyen da ke hannunka, gasasshiyar tanda tana kan wuta ana ta zuba mata ƙullu. Na'urar da ke wurinta tana sake gasawa duk sanda aka canza wani abu, don ta gwaji ce. Ta can kuwa an hana ta waiwaye. Sai an shiga an fasa tsohuwar da hannu.

"To fasa."

"Ba ni da mabuɗin wurin. Tura rubutu kawai aka ba ni izni. Mabuɗin na hannun abokin aikina."

Abokin aikin nan kuma yana cikin mota, ya nufi Damagaram biki. Rezo, wato layin waya, ya kama shi ya sake shi, ya ce alo, ya ɓace. Na ce ta kashe ordinatar ta cire batir, haka nake yi wa rediyona in ya yi taurin kai. Ta ce abin ba ya cikin wannan, yana wata ƙasa. Na ce wace ƙasa, ko muna da wani a can? Ta koma kiran lambar abokin aikin. Ana cikin haka aka ɗauke wuta.

Kafin azahar labari ya gama kasuwa. Wanda bai buɗe nasa ba ya buɗe don ya ga ko shi ma ɓarawo ne. Wani mahauci ya tare ni yana fushi wai shi ba a aika masa ba. Ni kuwa a tsakiyar wannan masifa akwai abin da nake ɓoyewa: ina addu'ar gyara ya zo saboda surukina, ina kuma addu'ar kar ya zo tukuna. Fillo ba ya karatu. Wayar babban ɗansa aka aika wa, kuma a rugarsu babu rezo sai in ɗan ya shigo gari da shanu. Duk garin nan an sha zagina, ban da mutum ɗaya da na dafa dominsa. Na kira lambar ɗan har yatsana ya gaji, matar nan ta cikin waya tana ta ba ni haƙuri da Faransanci.

Da yamma matata ta ɗaure mini goro a leda ta ce in tafi gidan dirakta, kar in dawo sai da fuskarsa a sake. Na je na durƙusa da tsufana. Na fara da cewa na'ura ce ta yi kuskure.

Ya cire gilashi. "Na'ura ba ta san harawa ba."

Sai na faɗi gaskiya, na ce wasan taubasai ne ya ɓata hanya. Ya ce ya san wasan taubasai, shi ma Ba'are ne, ba daga sama ya faɗo ba. Amma ya gayyato tsofaffin abokan aikinsa daga Doso, kuma duk sun karanta. Zai zo suna saboda ɗiyarsa, bisa sharaɗi ɗaya: ranar, tun daga fatiha har watsewar jama'a, kar ya ji irin wannan magana ta fito daga bakina, ko da wa. Na ce na yarda. Ya ce in rantse. Na rantse.

Sai washegari abokin aikin ya sauka daga mota ya fasa tandar tasu. Abin da ya hana mu cin abinci, shi bai ɗauke shi tsawon shan shayi ba. Kafin ya rufe, na ja Uwata gefe na ce ko za a bar wa Fillo nasa shi kaɗai. Ta ce ana iya yi. Gurbi na biyu ake buɗewa, na saƙo, a bar na kowa fanko a cika nasa. Da na gaya mata tun farko da ta yi mini cikin ruwan sanyi.

"Yanzu fa?"

"Yanzu mai gidanmu a wurin aiki ya ji labari, Baba. Na roƙi mutum alfarma sau ɗaya, ba zan sake roƙonsa don a zagi wani ba."

Ta ƙara gyara kan katin ma, don a wanke ni. Kowa ya koma Mai girma wane.

Ranar kasuwa ɗan Fillo ya shigo gari, saƙo ya faɗo wayarsa. Ban gan shi ba, ina gida ana kafa rumfa. Daga baya na ji ya kai wa tsohon ya karanta masa, har sau biyu, don tsohon ya ce a maimaita.

Da safen suna ina zaune a tabarmar gaba, surukina a damana da baƙinsa na Doso, an yi fatiha ana rabon goro, sai ga amalanken jaki ya tsaya a bakin rumfa. Ɗan Fillo ya sauko da uban, ya riƙe shi ta hammata. Ya sa babbar rigarsa ta salla, sandar tana hannun da ke aiki, ƙafar hagu tana jan ƙasa. Duk wannan hanyar a kan amalanke. Mutane suka dare, ana ta sannu, sannu. Bai kula kowa ba sai da aka kawo shi gabana. Zagin yana kan harshena, wallahi har ɗanɗanonsa nake ji. Surukina ya gyara gilashi ya juyo yana kallona.

Na ce, "Sannu da zuwa."

Ya tsaya yana haɗa maganar, don sai ya yi kokawa da kowace kalma kafin ta fito. Jama'a suka zuba masa ido.

"Ba'are," ya ce, "an karanta mini takardarka. Mai girma. Me na yi maka?"