Damin Geron Ɗan Fari

Har yau in na ji ƙugin jirgin sama ya nufi gabas, sai in tuna kakata tsaye a gindin rumbu a gidanmu na Kademi, ta kare rana da tafin hannu tana bin sa da kallo. Mu yara tsalle muke yi, muna ba shi sautun alewa. Ita kuwa sai ya ɓace sannan ta koma kan tsintsiyarta.

Ɗanta na fari, wan mahaifina, ya tafi Makka a ƙasa tun ba a haife ni ba. Labarinsa na ƙarshe, wai an gan shi a Sudan yana aikin auduga don ya sami guzuri. Ka dai san kunyar mutanen da game da ɗan fari. Ba ta taɓa kama sunansa ba, balle ta tambayi wani labarinsa. Amma duk shekara in an yi girbi, sai ta zaɓi damin gero mafi kyau ta sa a jingine shi daban a cikin rumbu. In sabo ya zo, a ba da tsohon. Ko a shekarun fari, da muka koma wa tafasa da rama, ba wanda ya isa ya taɓa shi. In wani ya yi ƙorafi, sai ta ce hanyar gabas doguwa ce, matafiyi kuma da yunwa yake dawowa.

Wata shekara kawuna na Toranke ya sauke farali ta jirgi. Da ya dawo ya zo gaishe ta, tsakar gida ta cika maƙil, ana rabon dabino da zamzam. Kawu mutumin kirki ne, sai dai bakinsa ba linzami. Kakata ta bari hayaniya ta lafa, sannan ta yi tambayar da kunya ta ƙyale ta ta yi.

"Alhaji, hanyar da nisa ko?"

"Wane nisa, Inna? A filin jirgin Kano muka yi asuba, azahar kuwa a Jidda. Furar da na tafi da ita ko tsami ba ta yi ba."

Kowa ya yi dariya, ban da mahaifina da ya sunkuyar da kai. Ita ta daɗe tana kallon ƙwayar dabinon da ke hannunta.

"Ashe kusa ne," in ji ta.

Nisan nan shi ne hujjarta duk shekarun nan, ga shi kawu ya ɗauke mata shi cikin raha. Kwana kaɗan bayan haka ta sa mahaifina ya sauko da damin. Da hannunta ta sussuke shi, ta daka gumba irin ta sadakar mamaci, aka raba gida gida. Ni har ƙari na nema, don ta ji zuma. Daga ranar, in jirgi ya wuce ba ta ɗaga kai.

Yanzu ni ma na bi hanyar nan, ina zaune a kujera ana kawo mini shayi. Na leƙa ta taga ko zan gane gonakinmu na ƙasar Gaya, gajimare ya hana ni. Mutane na ta yaba saurin tafiyar, ni kuwa kewar kakata ce ta cika ni. Da ina da iko, da na mayar mata da nisanta.