Gidan Da Na Saya Wa Inna Da Bazara

A lokacin da abin nan ya faru ni tela ne a Kwanar Dangora, ina da shago a bakin titi, da mata da 'ya'ya ƙanana, muna zaman haya. Ni ne ɗan fari a wurin mahaifiyata, kuma mutum ne mai sakin baki. In na zauna a teburin mai shayi sai na zazzage cikina kaf kafin shayin ya huce. Bayan rasuwar mahaifinmu aka raba gidanmu na Badafi, sai na ɗauko Inna na ba ta ɗaki guda a gidan hayar. Ba ta taɓa ƙorafi ba. Sai dai da yamma nakan ji tana ba jikokinta labarin tsamiyar tsakar gidanmu, da rijiya, da turken awakinta, abin ya riƙa ci mini rai. Na ƙudura sai na sama mata gida irin wancan, ko da zan sayar da gonar da na gada.

Wannan labarin na kwashe na ba wani dillali a teburin mai shayi, har da tsamiyar, har da sunan mahaifina. Ana tsakiyar bazara ya zo shago yana murmushi, ya ce Allah ya amsa addu'ata, gida ya faɗo a can gangaren gari. Muka je muka shiga. Ga tsamiya, ga rijiya, ga awaki a turke suna tuƙa, ga sabon yaɓe yana ƙamshi. Mai gidan, wani dattijo mai farin gemu, ya shimfiɗa mini buzunsa, ya sa aka dama fura. Da ya tambayi sunan mahaifina na faɗa, sai ya riƙe hannuna ya ce ai sunan yayansa ke nan da ya rasu, daga yau ni ɗansa ne. Ya ce wani ɗan kasuwa daga Kano ya taya da tsada, ran Juma'a zai zo, amma shi ya fi so gidan ya faɗa hannun mai neman albarkar uwa. Yana faɗa yana share ido da bakin rawani. Ni ma, gardi guda, sai ga ni ina hawaye.

To, wanda ya kira ka ɗa, ya shayar da kai fura, da wane bakin za ka tambaye shi ko gidansa yana da aibu? Tambayoyin suna cikina, kunya ta danne su. Matata ta roƙe ni in bari damina ta sauka mu ga yadda unguwar take, ko aƙalla in zagaya in gaisa da maƙwabta. Na ce mata ba ta san darajar manya ba, kuma Juma'a ba za ta jira mu ba. Na kai Inna ta gani. Ta zagaya a hankali, ta daɗe tana kallon gindin katanga, ta dubi dokin ƙofar da aka ɗaga ya kusa kai gwiwa, sannan ta ce Allah ya sa albarka. Na ɗauki wannan a matsayin amincewa. Na karyar da gonata, aka yi ciniki, aka shafa fatiha, muka tare.

Ruwan farko bai nuna komai ba. Da damina ta yi nisa sai na gane ashe duk ruwan unguwar ta bayan gidan yake bi. Sabon yaɓen ya zube, tsohon layin danshi ya fito baƙi ƙirin a jikin bango. Wata la'asar aka tafka ruwa, ina shago aka aiko a guje. Na tarar da bangon ɗakin Inna ya kwanta a kan gadonta. Allah ne ya sa ta fito duba awakin da na saya mata. Na same ta a zauren maƙwabci a jiƙe tana rawar sanyi, na kasa haɗa ido da ita.

A zauren nan maƙwabcin ya warware mini sauran. Ya ce awakin da na gani ran nan aro aka yi daga gidansa, ɗan kasuwar Kano kuwa babu shi. Ya ce kafin ni an kawo wani, shi ma dattijon ya ce masa sunan mahaifinsa ne sunan yayansa, alhali sunan daban ne. Ya ce da na yi masa sallama sau ɗaya tak, da bai ɓoye mini ba. Dattijon ya riga ya koma wurin 'ya'yansa, dillali kuwa ya ce shi ma bai sani ba.

Abin da ya fi yi mini ciwo daga bakin matata na ji shi, domin Inna ba ta doguwar magana da ni, ko sunana ba ta faɗa. Ta gaya wa matata cewa tun ranar farko ta gane gidan ruwa ne, amma ta ga farin cikin da ke fuskata, kuma ba ta saba ja da ni ba. Ta ce ita labari kawai take ba yara, ba ta taɓa neman tsamiya ba. Jin ƙarar buɗe ƙofata da safe ya ishe ta. Muka koma haya. A ɗakin haya Allah ya karɓi ranta, ba gida, ba gona.

Na rubuto ne don mai shirin sayen gida. Abin da zuciyarka take kewa, kada ka kai shi teburin mai shayi, domin da shi za a ɗaure ka. In mai sayarwa ya fara kuka, ko aka sa maka ranar da wani zai zo, ka koma gida ka kwana a kan maganar. Ka ga gidan da damina, ka gaisa da maƙwabta, ka yi tambaya ko da gemun mai gidan ya kai ƙirji. Kuma wanda kake yi dominsa, ka nemi hanyar jin abin da yake so tun yana da rai. Har yau in hanya ta bi da ni ta gangaren nan nakan hango tsamiyar a tsaye cikin kango, in kau da kai in yi wa Inna addu'a.